Mai Kwat da Allin da Na Goge

Maigidana mai gyaran firji ne. Idan ka shigo layinmu ka tambayi shagon Mai Kwat, kowa zai nuna maka, tsakanin mai faci da mai sayar da katin waya, inda matattun firji suka yi sahu a bakin ƙofa. Za ka tarar da shi a ciki, kansa a bayan wani firjin, da kwat a jikinsa komai zafi. Shekara talatin da takwas ina faɗa da kwat ɗin nan. Na ɓoye ta, na ce ɓera ya ci, sau ɗaya har kyauta na yi da ita, ya bi sawu ya karɓo abarsa.

Tun yana mawaƙi ya saba da ita. E, mawaƙi, haka na ce. Yana ɗan shekara goma sha tara ya fara waƙa a wani otel mai lambu, duk yammacin Asabar. Shi ne a gaba. Dogo yana kan ganguna, Tela yana riƙe da jita, Kofur yana busa ƙaho, ko da yake a lokacin wannan bai fara ɗinki ba, wancan ma bai shiga ɗan sanda ba, daga baya sana'a ta raɗa musu sunayen. Kiɗan da suke yi shi ake kira sol, kiɗa ne mai sanyi da nauyi, ƙaho yana amsawa daga baya, mawaƙi kuma yana jan murya kamar mai roƙon a yafe masa wani babban laifi. Waƙoƙin duk nasa ne, shi yake tsara su da kansa.

Ni ban taɓa taka otel ɗin ba, babana da ya karya min ƙafa. A asibiti na san shi, inda na yi aikin shara da goge-goge har na tsufa. Makirfo ne ya ja shi da lantarki, leɓensa ya kumbura suntum, aka kwantar da shi kwana uku a ɗakin maza. Na zo da bokitina, ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki, Sista." Na ce, "Ni ba Sista ba ce, ɗaga ƙafarka in goge." Har yau Sista yake ce min, abokansa ma suka ɗauka.

Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar muryarsa. Mai otel ɗin ya kai su aka naɗi waƙa takwas a tef, ya ce zai kai a buga faifai. Aka yi wata shida shiru. Ashe ɗansa ne ya yi aure, ana neman abin da za a naɗi jawabin manyan baƙi, sai aka jawo tef ɗin nan aka ɗora a kai. Maigidana ya je ya saurara da kunnensa, daga farko har ƙarshe wani mai ƙaton ciki ne yake gode wa mahalarta. Bayan shekara biyu mai otel ya sayo rikoda da manyan lasifika, ya sallame su duka. A watan ne na haifi 'yarmu ta fari, shi kuma ya koma wurin kawunsa ya koyi gyaran firji.

Bai daina waƙa ba, wurin yi ne ya canja. Sai ya cusa kai cikin firjin mutane sannan za ka ji shi, ƙasa-ƙasa, wai firji yana da daɗin amo. Yaranmu huɗu sun taso suna jin labarin otel kamar tatsuniya. In ya fara, "Ranar da Kofur ya busa ƙaho har gilashi ya tsage," sai su haɗa ido suna ƙunshe dariya. Babbar ce kaɗai take tsayawa ta saurara. Ita ce ta girma ta samu aiki a gidan rediyo, wurin daidaita sauti, muke ce mata Injiniya.

Bara waccan muryarsa ta fara dishewa. Da safe garau, kafin azahar sai ka ji kamar ana goga takarda. Ya ce mura ce. Na ce murar wata huɗu? Ya ce iskar gas ɗin firji ce. Na ce to taso mu je, in ba haka ba wallahi in kira motar asibiti ta ɗauke ka a gaban maƙwabta. Likita ya zura masa abin haska maƙogwaro, ya yi ta dubawa, sannan ya zaunar da mu. Ƙari ne, dole a yanke. Ya ce an zo da wuri, ransa in Allah ya yarda ba matsala. Maigidana ya ce, "Muryar fa?" Likita ya ce, "Wannan kam ba zan yi maka alkawari ba." Aka sa ranar aiki, Talata, mako uku masu zuwa.

Muna fitowa bakin ƙofar asibiti ya tsaya ya ce, "Sista, ke nan za a yanke ta ban bar ko tari a faifai ba." Raina ya ɓaci. Na ce, "Ana maganar ranka kana maganar faifai? Faifan ne zai yi min hira in ka mutu?" Ya juya ya kama hanya. Na yi ta masifa har gida, kuma ni na san tsoro ne yake sa ni, amma bakina ya ƙi tsayawa.

Injiniya ce ta ɗauki maganar da gaske. Ta ce ya zo situdiyo ta naɗe shi a kwamfuta, kwana biyu an gama. Ya je sau ɗaya ya dawo yana huci. Wai an rufe shi shi kaɗai a wani akurki, an ɗaura masa abu a kunne, an ce ya bi kiɗan da na'ura ta haɗa. Ya ce shi ba ya iya waƙa in ba ya jin ƙafar Dogo tana dukan ƙasa a bayansa. Yadda aka yi na farko haka yake so, kowa a ɗaki ɗaya, a buga tare, tef yana juyawa, wanda ya yi kuskure ya yi da kowa. Injiniya ta shiga sito a wurin aikinsu ta tono wata tsohuwar na'urar tef da za a zubar, mai naɗi biyu a gaba, ta yi kwana goma tana gyaranta a kan teburin cin abincinmu. Shi kuma ya nemo tsofaffinsa. Dogo ya zama mai gadi, gwiwa ɗaya ta riƙe. Kofur ya yi ritaya, haƙoransa na gaba na roba ne, sai ya cire su yake busa.

Wuri kuma maigidana ne ya samo. Akwai wani ɗakin sanyi na ajiyar kifi a bayan kasuwa, shi yake gyara injinsa shekara da shekaru. An kashe shi za a canja inji, mai wurin ya ce su yi amfani da shi daga Alhamis zuwa Lahadi, Litinin kaya za su shigo. Bangonsa kauri ne da shi, in ka ja ƙofa ko hon ɗin tirela ba ka ji. Litinin ɗin kuma ita ce ranar da za a kwantar da maigidana a asibiti.

To ga inda aikin yake. Tsohuwar na'urar nan makirfo uku kawai take ɗauka, kuma abin da ya shiga ya shiga, ba a rage wannan a ƙara wancan daga baya. Ƙarfin kowa a faifai ya dogara ne da inda ya tsaya. Ganga ta matso taki ɗaya, ta danne jita. Ƙaho ya ja baya da yawa, ya ɓace. Saboda haka sai a buga, Injiniya ta saurara, ta ce Kawu Kofur matsa hagu kaɗan, a sake bugawa. In an dace sai ta zana alama da alli a ƙasa. Muryar maigidana kuwa awa ɗaya take yi da safe kafin ta dishe, kowane gwaji daga cikin awar nan ake cinsa. Kwana uku suka yi suna wannan, Alhamis, Juma'a, Asabar, aka bar Lahadi don naɗi.

Duk wannan bayanin daga baya na ji shi. Kwana ukun nan ban leƙa ba, ina aiki, kuma ina fushi. Ba wanda ya ce min uffan game da alli. Ranar Lahadi ina hutu, na tashi zuciyata ta yi nauyi. Na ce mutumin nan gobe za a kwantar da shi, ni kuma ko sannu ban ce masa ba a kan abin da ya fi so a duniya. Ban iya kiɗa ba, ban iya waƙa ba, amma akwai abin da na iya. Yana wanka na zare mabuɗin ɗakin sanyin daga aljihun kwat, na ɗauki bokiti da mofa da buroshi da garin sabulu, na yi gaba abina.

Da na buɗe ɗakin nan na kunna fitila, sai da na ce tabɗi! Ƙarnin kifi tun daga ƙofa. Wayoyi sun yi kaca-kaca a ƙasa, kujeru a karkace, ganguna a tsakiyar hanya, ga zane-zanen alli ko'ina a kan tayil sai ka ce 'yan firamare sun kwana biyu a wurin. Na ce mai ciwon maƙogwaro ne zai shaƙi wannan ƙurar? Na ɗaura zani. Na kwashe komai na jera a jikin bango, na naɗe wayoyi, na zuba ruwa. Allin ya kama jikin tayil, sai da na durƙusa na bi kowane ɗaya da buroshi. Awa ɗaya da rabi, ƙasa ta fito fes tana ƙyalli. Na tsaya riƙe da ƙugu ina jin daɗin kaina, sai ga su sun turo ƙofa.

Injiniya ce a gaba. Jakar hannunta ta faɗi. "Mama! Me kika yi?"

Na ce, "Me kika gani? Ai sai ki ce sannu."

Ta ɗora hannu biyu a ka. Ta shiga yi min bayani, kwana uku, alli, taku, awa ɗaya. Tela ya jingina da ƙofa yana salati. Dogo ya ce, "Kai, Sista, kin kashe mu." Ina ji ina fahimta. In aka ce a sake gwaji, muryar yau ta tafi a gwaji, kuma babu gobe. Na juya na dubi maigidana. Ya zauna a kan wani akwatin kifi, ya dubi ƙasar nan mai ƙyalli, ya ce a hankali don kada ya ɓata murya, "Ba komai, Sista. Ya yi kyau."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Wancan mai otel ya goge shi sau ɗaya, yau ga ni da hannuna na goge shi na biyu. Hawaye ya zo min, na haɗiye shi, don ni in na fara kuka ba na iya tunani. Na tsaya ina kallon tayil ɗin, sai na ga ashe har yanzu idona yana riƙe da inda kowane alli yake. Yo shekara nawa ina wannan aiki? Kullum da safe gado ashirin nake turawa, da sandar ƙarin ruwa, da tukunyar iska, in goge, in mayar da kowanne daidai inda na same shi, don in ka kauce da taki ɗaya wayar na'urar wani ba za ta kai soket ba. Kafin hannuna ya ɗaga abu idona ya riga ya auna. Balle waɗannan da na durƙusa na kankare ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ba ni allin."

Injiniya ta ce, "Mama, don Allah ki bari."

Na ce, "Ke, ni na haife ki. Ba ni allin."

Na fara daga magudanar ruwa da ke tsakiyar ɗaki. Babbar ganga tayil huɗu daga nan wajen ƙofa, ƙafarta ɗaya a kan tsatsar da ta ƙi fita. Kujerar Tela a inda tayil biyu suka canja launi, alamarsa da'ira ce, na tuna don ta fi kowacce taurin kai. Kofur layi ne dogo, a karkace, yana fuskantar kwana. Sandunan makirfo uku, kowanne da ɗigo uku na ƙafafunsa. Ina zanawa suna mayar da kaya. Injiniya ta sa abin ji a kunne ta ce Dogo ya buga. Ya buga, Tela ya shiga, Kofur ya cire haƙora ya sa a aljihu ya busa. Ta rufe ido ta daɗe, ta buɗe ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce, "Haka yake. Wallahi haka yake."

Saura na maigidana, wanda ba a iya gwadawa sai da murya. Shi alama biyu gare shi: ta kusa, inda yake tsayawa in yana yi a hankali, da ta baya, inda yake ja in zai ɗaga murya. Ta kusa na tuna sarai, a kan wani tsagaggen tayil take. Ta bayan ce ta shige min duhu. Tayil na biyu ne ko na uku? Na tambayi maigidana da ido, ya ɗaga kafaɗa, shi ƙasa yake kallo ya taka, bai taɓa ƙirgawa ba. Kowa ya zuba min ido. Na durƙusa na zana a na biyu, na miƙe na karkaɗe hannu kamar na tabbata.

Aka ja ƙofa. Aka ce in zauna, kada in yi tari, kada in motsa. Na kifa bokitina na zauna a kai. Injiniya ta danna, tef ya fara juyawa, Dogo ya ƙwanƙwasa sanduna sau huɗu.

Jama'a, shekara talatin da takwas ina tare da mutumin nan ban taɓa jin sa ba sai ran nan. Wanda na sani mai gunaguni ne a cikin firji. Wannan kuwa ya gyara wuyan kwat, ya lumshe ido, murya ta fito mai kauri da ɗumi, ta cika ɗakin kifin nan har na ji ta a ƙirjina. Ƙaho yana amsa masa, Dogo da gurguwar gwiwarsa yana dukan ƙasa. Na ji kishi, wallahi na ji, na matan da suka zauna a lambun otel suna kallonsa ni ina can ina wanke bayan gida. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu Tela ya yi tuntuɓe aka sake, ta uku lafiya.

Ta huɗu ita ce babba. Waƙar wani ne da matarsa ta yi fushi ta daina yi masa magana, yana roƙonta ko faɗa ne ta yi masa. Kada a tambaye ni wa yake nufi. Can wajen ƙarshe kiɗa yana tsayawa cak, shi kaɗai ya ja numfashi ya kwarara kira. Na ga ya ja da baya ya taka allina. Ya saki murya. Allurar da ke jikin na'ura ta buga har cikin jan layi ta maƙale, na ga Injiniya ta runtse ido. Ta ɗago ta harare ni, ta nuna min yatsa uku.

Ba a tsaya ba, don ba lokacin tsayawa. Ya yi ta biyar. Ta shida da ƙyar ya kai ƙarshenta. Ta bakwai ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Ya yi murmushi ya yi wa Kofur alama, ƙaho ya ɗauki wurin murya, shi kuma yana kaɗa yatsu a gaban makirfo har aka gama. Da aka mayar da tef muka saurara, sai ga wurin nan a waƙa ta huɗu: muryar ta yi wa na'ura yawa, ta tsage a sama, tana ƙara kamar ƙyalle yana yagewa. Injiniya ta ce, "Na uku ne, Mama." Na ce na ji.

Talata aka yi aiki. Awa biyar ina zaune a barandar da na goge sau dubu, ban taɓa sanin bencinta yana da tauri haka ba. Likita ya fito ya ce an cire duka, bai bazu ba. Na yi ta godiya ga Allah. Murya kam ta tafi. Abin da ya rage raɗa ce, sai ka kai kunne bakinsa. Ni da ya ce na cika surutu, yanzu ni ce bakinsa a wurin masu kawo gyara.

Bayan wata uku Injiniya ta fitar da faifan. Ɗakin Sanyi ta sa masa suna, da hoton maigidana a gaba, cikin kwat, ya dafa wani mataccen firji. Mako biyu ba wanda ya kula. Wani ma ya rubuta a jarida cewa kayan tsofaffi ne, tef yana shuu kamar ana suya, wa zai saurari wannan a zamanin nan. Na sa aka karanta min sau biyu, na yage shafin na goge gilashin taga da shi, kuma ya goge da kyau.

Sai wata mai gabatar da shirin rana ta sa waƙa ta huɗu. Kafin ta ƙare an fara bugo waya. Washegari ta sake sawa. Kan ka ce kwabo abin ya shiga gari, wurin mai aski, shagon ɗinki, wayar 'yan makaranta. Kuma wane wuri suke mayarwa suna sake ji? Wurin da ya tsage! Yaran zamani har yanko shi suke suna tura wa juna. 'Yan jami'a suka fara zuwa shago da tsofaffin kwat da suka tono a gwanjo, suna ɗaukar hoto da shi. Wani dattijo ya zo da sanda tun daga wata unguwa mai nisa, ya ce a lambun otel ɗin nan ya fara ganin matarsa, ta rasu bara, ya riƙe hannun maigidana yana kuka. Yaranmu uku masu ƙunshe dariya kuwa, kowa ya koma cewa ai shi tun yana ƙarami ya san Baba ba wasa ba ne. Na ce ku rufe min baki, maƙaryata.

Wani marubucin daban ya cika shafi guda yana yabon tsagewar nan, wai dabara ce ta ƙwararru, an auna ta da gangan don a samo amon da. Da aka gayyaci Injiniya hira a rediyo aka tambaye ta yadda ta yi, sai ta ce, "Ba ni ba ce. Mahaifiyata ce ta auna wurin." Ina kicin na ji, na saki ludayi na yi guɗa ni kaɗai. Tun daga ranar duk wanda ya tambaye ni nake ce masa da gangan na yi, kuma ba wanda ya isa ya ƙaryata ni.

Watan jiya muna dawowa daga ganin likita muka shiga bas. Mun zauna a layi na biyu, direba ya kunna rediyo, sai ga waƙar nan ta huɗu. Wata ɗaliba a bayanmu ta ce, "Direba ƙara mana, sabon faifan nan ne." Direba ya yi dariya ya ce, "Sabo? Yarinya, waƙar nan ta girme ki. Babana yana da faifanta, muna yara muke ji. Mai ita ma ya daɗe da mutuwa, Allah ya jiƙansa." Wasu har da amin.

Maigidana ya dafa min hannu, amma ina! Na ce, "Ƙarya kake, kai da babanka! Bara aka yi ta, ina zaune a wurin. Ga mai ita nan kusa da ni da ransa, kai ne za ka kashe min miji?"

Direba ya leƙo ta madubi ya ga tsoho siriri. Ya ce, "To Baba, in kai ne, ɗan rera mana mu ji."

Na ji kamar an soka min abu a ƙirji. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ɓalle maɓallin wuya, tabon aikin ya fito fili daga nan zuwa nan. Ya ɗaga yatsa ɗaya, alamar a jira. Yana bin kiɗan da kai, ya sauke hannu daidai inda ganga ta tsaya cak. Ya ja numfashi tare da na cikin rediyo, ya ɗan ja baya a kujera, ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta miƙe, muryar nan ta fito daga lasifika ta tsage a kanmu duka. Ba wanda ya ga wannan ya sake tambaya.

Direba ya gangara gefen titi ya taka birki. Ya juyo gaba ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Baba, ka yafe ni, na kashe ka da bakina." Ɗalibar nan tana ta share fuska da gefen mayafi. Maigidana ya jawo ni ya yi min raɗa a kunne, kowa ya miƙo wuya yana jira.

Na ce, "Ya ce ya yafe. Amma wai ku nemo ta a waya ku sa daga farko, surutunmu ya hana shi ji."

Ɗalibar ta miƙa wayarta, direba ya jona, muka hau titi. Sau uku aka sa ta, bas guda tana amshi, shi yana tsakiya yana kaɗa yatsu. Mun wuce inda za mu sauka da nisa, ina gani, ban ce a tsaya ba.